Ƙwan Fitilar da Ya Sauya Ɗaki

Ranar Lahadi da hantsi aka nemi dallar marigayi Abu Fawwaz aka rasa, kafin Laraba kuwa mutanen layin nan na Jabal Husaini, a Amman, sun gama yanke hukunci ba tare da sun wahalar da alƙali ba. Dalla butar gahawa ce ta tagulla, tun kakan marigayin ake zuba wa baƙi gahawa daga bakinta. A kasuwa ba za ta ja hankalin kowa ba, amma a gidan, wanda take hannunsa shi ne babba. Ta ɓace daga ɗakin ajiya na hawan ƙasa, ɗakin da ba shi da taga ko guda. Wanda ake nunawa da baki kuwa shi ne Abdussabur, mutumin Masar mai gadin gidan, wanda ya shekara goma sha tara yana share matakalarsu.

Rudaina ba ta gama kashe motarta ba Abu Shakir mai kayan miya ya leƙo daga bayan tulin tumatir.

"Injiniya! An kira ki ki kawo shaida ke nan? Ai magana ta ƙare. Abu Lais, babban ɗan marigayin, da kansa ya tsaya a bakin ƙofar nan ya kira shi ɓarawo, ina auna albasa na ji."

"Ka ga dallar a hannunsa?"

"Ban gani ba. Amma waya ta gani."

"To, Allah ya ba wayar lafiya," in ji ta, ta saɓa jakar aikinta.

Ita ta saka wa gidan ƙwayayen fitilar nan masu jin magana, shekara biyu da suka wuce. Mahaifinta mai bin sawu ne a hamadar kudu, mutumin da zai dubi rairayi ya gaya maka raƙumar da ta wuce tana da ciki. Ita ba ta gaji raƙuma ba, ta gaji halinsa: in aka ja ta aka nuna mata sawu da yatsa, sai ta fara duban mai yatsan.

Gidan hawa huɗu ne. Hajja Ummu Fawwaz tana ƙasa, babban ɗanta Fawwaz, wato Abu Lais, yana samanta, sai ƙanensa Munzir, sai autarsu Hiyam a can ƙoli. Kowane ƙwai a gidan yana jin maganar wani ɗan akwati da ke haɗa shi da waya, kuma akwati ɗaya ya ishi gidan har da na maƙwabta. Amma da Fawwaz ya sayi nasa, Munzir ya rantse yayansa ba zai riƙa kashe masa fitilar banɗaki daga ofis ba, ya sayo na wani kamfani. Hiyam ta dube su su biyun ta sayi na uku. Wannan ne ya sa ƙwayayen hawan ƙasa suka zama kamar 'ya'yan gidan haya, suna zaune wuri ɗaya amma kowa da wanda yake amsa wa.

Fawwaz ya tarbe ta a matakala, waya a hannu, mabuɗin ɗakin ajiya a ɗaya hannun.

"Aikinki kaɗan ne, Injiniya. Ki buga mini wannan a takarda, ki sa hannu. Gobe Alhamis za mu je neman wa ɗana Lais aure, kuma da dallar Yaba, mahaifinmu, za a yi wa mutanenmu gahawa kafin mu fita. In ba ta fito ba zuwa gobe da safe, takardar nan da shi kansa zan miƙa wa 'yan sanda, su mayar da shi inda ya fito."

Ta karɓi wayar. A ƙarƙashin sunan "Ɗakin ajiya" an rubuta lokutan da ƙwan ya kama. Sau uku ne tun bayan Babbar Sallah, duk da misalin ƙarfe tara na safe.

"Duk ranar Talata," in ji ta.

"Ranar da Yamma, mahaifiyarmu, take zuwa gashin ƙashi, mu kuma muna wurin aiki. Wa ya rage a gidan? Shi kaɗai."

"Ta ukun jiya ce, Abu Lais. Ka ce tun Lahadi ka kulle ɗakin."

"Kin gani ko? Har mabuɗi ya yanka! Ya koma ɗibar abin da ya rage."

"An rasa wani abu jiyan?"

"Ban ƙirga ba."

Rudaina ta dube shi da kyau. Mutum ne mai son a ce ya gane abu tun kafin kowa, kuma irin waɗannan sun fi kowa saurin ruɗuwa. Sai dai ba ta cire shi daga zargi ba. Wanda ya fi kowa ihu a kan abin da ya ɓata, ba kullum ne ya fi kowa son a gan shi ba.

"Zan buga maka," in ji ta. "Bari in fara gaishe da mutanen gida."

Ɗakin Abdussabur yana gefen ƙofar shiga, ɗan tsukuku mai gado ɗaya da murhun gas. Ta same shi zaune a bakin gadon, ga jaka buɗe a gabansa, rabi cike da kaya. Ganin jakar nan ya sosa mata rai.

"Ammu Sabur, ina za ka?"

"Inda aka tura ni, 'yata." Bai ɗaga kai ba. "Shekara goma sha tara. Ni na ɗauki Lais a kafaɗa ranar da ya karye. Ni na riƙe ƙafar Abu Fawwaz da muka sauke shi a kabari. Yau yaran layin nan in sun gan ni sai su dafe aljihu suna dariya."

"Ka shiga ɗakin ajiya?"

"Rabona da shi tun ranar sadakar arba'in, da na mayar da kujeru."

"To ranar Talata da safe me kake yi?"

Ya ɗago ya dube ta kamar ta tambaye shi sunan uwarsa. "Talata? Ai ranar ruwa ce. Ruwan unguwarmu ke nan na mako. In ban tayar da inji na cika tankunan sama ba, da me za su yi wanka har wata Talatar?"

"Ka gaya wa Abu Lais haka?"

"Na gaya masa. Ya ce waya ba ta ƙarya, mutum ne ke yi."

Ta juya maganar a ranta. Tana iya yiwuwa gaskiya ce, tana kuma iya yiwuwa mutumin ya san ranar ruwa ce ta fi kowace rana ba shi dalilin kai da kawo a hawan ƙasa. Ta ce masa kada ya rufe jakar tukuna, ta hau sama.

Munzir ya buɗe mata ƙofa da rigar barci da rana tsaka, ya ɗauki hutun rashin lafiyar da babu alamarta a jikinsa.

"In wayata kika zo gani, ki koma. Ba zan buɗe wa 'yar aiken Fawwaz wayata ba."

"Ni ba 'yar aiken kowa ba ce, Abu Tala. Ƙwai biyu na hawan ƙasa a akwatinka suke, na gareji da na bakin ƙofa."

"Su zauna a can. Ke ba ki san yayana ba. Shi ya ɓoye ta, wallahi. Yana so ya kori Sabur ya kawo wani ɗan'uwan matarsa da ya rasa aikin yi."

Matarsa Lamis ta leƙo daga kicin da wuƙar yanka kubewa a hannu. "Kai ma ka daina wanke kanka. Ba kai ka ce gara ka jefa dallar a rijiya da ka gan ta a hannun Fawwaz ba?"

"Lamis!"

"Ka faɗa mana, a gaban Yamma ma, ranar idi."

"Magana ce ta fushi! Wa bai taɓa yin ta ba?"

"Kana da mabuɗin hawan ƙasa?" in ji Rudaina.

"Kowannenmu yana da shi. Gidan uwarmu ne." Ya tura ƙofar har ta kusa rufuwa, sannan ya ƙara ta ɗan tsagin da ya rage, "Ki tambayi Fawwaz me ya sa bai fara tambayar mu ba kafin ya fita titi yana ihu."

Tana hawa matakala ta ƙarshe tana jin Munzir ya fi kowa kama da mai laifi. Ga dalili, ga mabuɗi, ga ƙin buɗe waya. Abin da ya hana ta sakin jiki shi ne sawun ya cika kyau.

Hiyam malamar makarantar 'yan mata ce, shekarunta arba'in da ɗoriya, ba ta yi aure ba. Ita ta yi jinyar mahaifinsu shekara huɗu. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ce a shigo ba, abin da ba halinta ba ne. Ƙamshin gahawa mai ɗaci yana fitowa ta bayanta.

"Sabur bai ɗauka ba," in ji ta tun kafin a tambaye ta.

"Ta yaya kika sani, Malama?"

"Na san shi. Na gaya wa Fawwaz ya ƙyale bawan Allah, ya ce in koma in ji da ɗalibaina."

"Akwai ƙwanki guda a ƙasa, in ban manta ba."

"Na daina buɗe manhajar nan tun da Yaba ya rasu." Ta gyara mayafinta. "Ki yi haƙuri, Rudaina, ina da takardun jarrabawa."

Rudaina ta sauko da mutum uku a ranta maimakon ɗaya, kuma ba ta ji daɗin hakan ba.

Ta sa Fawwaz ya buɗe ɗakin ajiyar. Tulin katifu ne, da manyan farantan tuwon shinkafa da nama, da kujerun roba. A kan kanta ta sama ga zagayen da gindin dalla ya bari. Ta danna makunni, ƙwan ya kama fari fat.

"Ba ni wayarka, Abu Lais."

Ta taɓa "Ɗakin ajiya". Wayar ta ce ƙwan ba ya amsawa, alhali ga shi yana haske a kan su.

"Ta lalace ne?" in ji Fawwaz.

Ta fita ta zagaya ƙarƙashin matakala, inda injin ruwa yake a wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Ta danna makunnin wurin. Nan take wayar ta yi ƙara a hannunta: "Ɗakin ajiya" ya kama. Ta sa shi ya yi ƙifce sau uku, ƙwan da ke kan injin ruwa ya yi ƙifce sau uku, Fawwaz yana tsaye baki buɗe.

"Sunan ba a jikin ɗaki yake ba," in ji ta, "a cikin ƙwan yake. Duk inda ka kai shi, da sunansa zai tafi. Abin da wayarka ta rubuta maka sau uku, Ammu Sabur ne yana tayar muku da ruwan wanka."

Wani zai ji kunya a nan, amma ban da Fawwaz. "To shi ya musanya su! Don ya ɓatar da sawu."

"Ya ɗauki ƙwan da zai tona masa asiri ya kai inda shi kaɗai ke shiga? In ɓarawo ne, Abu Lais, to bai iya ba."

Ta koma ɗakin ajiyar ta hau tsani, ta kashe makunni, ta kwance ƙwan da ke ciki. Mazauninsa duk ƙura, shi kuwa ƙwan tas kamar yau aka ciro shi daga kwali. Ta kai shi hanci, ta ji ɗan tsamin kal, ruwan tsamin nan da ake goge kaya da shi. A wuyan kowane ƙwai akwai lamba, ita kuma tana da littafin da take rubuta lambar duk wanda ta saka, da akwatin da ta haɗa shi da shi. Ta buɗe littafin a kan tsanin, ta bi layi da yatsa tana sa ran ganin sunan Munzir. Da ta ga abin da ke rubuce, ta daɗe ba ta sauko ba.

"Na wa ne?" in ji Fawwaz daga ƙasa.

"Zan fara ganin Hajja."

Hajja Ummu Fawwaz tana zaune a falo tana cusa shinkafa a ganyen inabi, ƙafa ɗaya miƙe a kan matashi. Tsohuwa ce da ba ta taɓa yi wa fitila magana ba, ta ce ita ba mahaukaciya ba ce. Makunnin bango take dannawa kamar yadda ta saba tun tana amarya.

"Hajja, wa ya goge ƙwayayen fitilar nan?"

"Wa zai goge in ba ni ba? Kina tsammanin Lamis?" Ta ja tsaki. "Kafin kowace Sallah sai an wanke gidan nan daga rufi har ƙasa. Labule, darduma, bango. Na sa matan da suka taya ni suka kwance ƙwayayen duka, har na ƙarƙashin matakala, muka tara a baho guda, na bi su da tsumma da kal ɗaya bayan ɗaya."

"Da aka gama, kowanne ya koma inda aka ciro shi?"

"Ke 'yar nan, ƙwai ai ƙwai ne. Suna da fuska ne?"

"A ranar kin ga dallar?"

"Ni na goge ta da toka da lemon tsami, na ɗora ta da hannuna."

Rudaina ta zauna a gefenta. "Fitilar gefen gadon Abu Fawwaz fa? Tana nan yadda take?"

Hannun tsohuwar ya tsaya a kan ganyen. "Kin tuna mini. Wata takwas ina shiga ɗakin kullum da safe in kunna ta, tana nan da ɗan haskenta rawaya kamar yadda yake so. Tun ranar wankin gidan nan ta koma fari, har tana kashe ido. Na ce to, ita ma ta fita takaba."

Rudaina ta so a ce Munzir ne.

"Hajja, ki tara mini 'ya'yanki bayan la'asar. A kira Ammu Sabur."

Suka taru a babban falon baƙi. Fawwaz ya ɗauki kujerar mahaifinsa, Munzir ya zauna nesa da shi iyakar yadda falon ya ba shi dama, Lamis a gefensa. Hiyam ta zauna kusa da uwarta, hannu a cinya. Abdussabur ya tsaya a bakin ƙofa, sai da Hajja ta daka masa tsawa sannan ya ɗosana a bakin wata kujera.

Rudaina ta ba su labarin bahon da injin ruwa a taƙaice. Munzir ya kwashe da dariya har da buga cinya.

"Wayar da ba ta ƙarya! Ashe famfo kake gadi, yaya!"

"Kai ka rufe mana baki," in ji Fawwaz. "Har yanzu ba a ce ba kai ba ne."

"Ba shi ba ne," in ji Rudaina. Ta ɗaga ƙwan. "Wannan na ciro daga ɗakin ajiya. Shekara biyu da suka wuce, hasken fitila ya fara damun idon Abu Fawwaz. Ni na saka wannan a gefen gadonsa, na rage shi ya zama rawaya, kashi goma cikin ɗari. Na haɗa shi da akwatin mai kwana da marigayin a rai, don ta riƙa juya shi daga sama. Ko an kashe shi daga bango, ko an jefa shi a baho, in ya sake samun wuta da wannan rawayan zai tashi. Hajja ta shaida haka yake har ranar wankin gida. Yau na kunna shi ya kama fari, kashi ɗari."

"To sai me?" in ji Lamis.

"Wani ya shiga ɗakin ajiya, ya danna makunni, hasken bai ishe shi ganin kanta ta sama ba, ya ƙara shi. Makunnin bango ba ya ƙara haske. Waya ɗaya ce a duniya take iya ƙara wa wannan ƙwan haske." Ta juya. "Malama Hiyam, kin ce kin daina buɗe manhajar tun rasuwar. In kin buɗe ta yanzu, za ta faɗi rana da sa'a. Ko ki faɗa da bakinki, ya fi."

Hiyam ba ta taɓa wayarta ba.

"Juma'ar da ta wuce ce," in ji ta. "Kuna masallaci."

"Hiyam?" in ji Hajja.

"Faranti kika aike ni in ɗauko, Yamma. Wallahi faranti na je ɗauka. Na danna makunni, sai ga hasken Yaba. Wannan hasken da na fi shekara ina zama a cikinsa ina ba shi magani." Ta dubi ƙwan da ke hannun Rudaina. "Na zauna a kan katifun nan na yi kuka. Da na ɗaga kai sai na ga ƙyallinta a sama. Na ƙara hasken, na hau kujera."

"Dallar Yaba!" Fawwaz ya miƙe tsaye. "Da wane haƙƙin?"

"Da wane haƙƙin?" Ta dube shi ido cikin ido. "Shekara huɗu wa ke soya masa gahawa da asuba? Wa ke riƙe masa finjali da hannunsa ya daina riƙewa? Kai kana leƙowa ranar Juma'a da kwalin alewa, Munzir yana aiko gaisuwa daga hawa na biyu. Da ya rasu kuka zauna kuna rigima a kan wanda zai ɗauke ta, ina tsaye ina zuba muku shayi, ko ɗayanku bai juyo ya dube ni ba."

Rudaina ta tausaya mata har cikin ranta, amma ba wannan ya kawo ta ba.

"Wannan tsakaninku ne, Malama. Abin da ban gane ba shi ne kwana huɗun nan. Kina jin abin da ake kiran mutumin nan a titi."

Sai a nan Hiyam ta sunkuyar da kai. "Kullum ina cewa gobe zan faɗa. Na ce Fawwaz zai huce." Ta juya wajen ƙofa, hawaye na zuba. "Ammu Sabur, na ci amanarka."

Abdussabur yana kallon tafin hannunsa.

Hajja ta juya wajen Hiyam. "Tashi ki sauko da ita. Da gahawar da ke ciki, na san ba a bushe take ba."

Hiyam ta hau ta dawo da dallar a hannun hagu, finjalai a dama, tururi yana fita daga dogon bakinta. Ta nufi yayanta kamar yadda aka saba, uwar ta ce, "Ba shi ba." Ta juya ta tsaya gaban mai gadi, ta zuba masa. Shekara goma sha tara yana jera kujeru a falon nan, yau ne aka fara miƙa masa finjalin farko.

Ya karɓa da hannun dama. Ya dube shi. Sannan ya sunkuya ya ajiye shi a ƙasa a gabansa, bai kurɓa ba.

Munzir ya daina murmushi. Kowa a falon ya san abin da ake nufi. Baƙon da ya ajiye finjali bai sha ba yana da buƙata, kuma abin kunya ne ga gida gahawarsa ta huce a ƙasa. Ba al'adar garinsu Abdussabur ba ce, daga bakin ƙofa ya koye ta yana kallon manya.

Fawwaz ya gyara murya, fuskarsa ta yi ja. "Sha gahawarka, Sabur. An yi kuskure, ya wuce. Zan ƙara maka albashi, takardar aikinka ma ni zan sabunta."

"Ban nemi ƙari ba, Ustaz."

"To me kake so?"

"A nan cikin falo ka kira ni ɓarawo?"

Fawwaz ya dubi ƙasa.

"A bakin ƙofa ne, gaban Abu Shakir, da mai gas, da yaran makaranta. Ina da 'ya'ya a Suhaj, kuma akwai mutanen garinmu a kowane layi na unguwar nan. Labarin ya riga ni isa gida." Muryarsa ba ta tashi ba. "Ka koma inda ka faɗa, ka ce ba ni ba ne."

"In na ce ba kai ba ne, za su ce to wa? Gobe za mu je neman aure, Sabur. Kana so a ce ƙanwata..."

"Ban ce ka ambaci kowa ba. Malama 'yar gidan nan ce, kayan ubanta ta ɗauka, bakina ba zai taɓa furta sunanta ba. Ka ce musu kai ne ka yi kuskure. Wannan ai gaskiya ce."

Abin da ya fi yi wa Fawwaz wuya ke nan a duniya, kuma kowa ya sani. Ya dubi Munzir, Munzir ya kau da kai. Ya dubi Rudaina kamar tana da wata na'ura a jaka da za ta fitar da shi, ita kuwa tana naɗe ƙwan a tsumma. Tururin finjalin ya fara raguwa.

"Fawwaz," in ji Hajja a hankali, "gahawar ubanka tana hucewa a ƙasa."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Can ya juya ya fita, suka ji yana laluben takalmi a bakin ƙofa, suka ji ƙarar ƙofar ƙarfe. Ta tagar falon Rudaina ta hango shi tsaye a tsakiyar layi, babban mutum da furfura a gemu, yana ɗaga murya.

"Abu Shakir! Fito, kai da duk wanda ke nan ranar Lahadi!"

Abdussabur ya karkata kunne. Bai motsa ba sai da ya ji sunansa ya fito daga bakin da ya ɓata shi, sau biyu, a sarari. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki finjalin. Hiyam ta matso da sauri za ta sauya masa da mai zafi, ya girgiza kai.

"Bar shi, 'yata," in ji shi. "Wannan ɗin nake jira."

Ya shanye shi da sanyinsa.